Lacca kan Yadda Gaɓoɓin Ɗan Adam Suke Motsi da Nauyin da Suke Ɗauka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban taro, malamaina da abokan aiki, ɗalibai da sauran jama'ar da suka halarta, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da wannan lokaci da aka ba ni.

An nemi in yi bayani a kan kimiyyar motsin jiki, wadda masana suke kira bayomekaniks, wato a ɗauki dokokin ƙarfi da nauyi da motsi, irin waɗanda injiniya yake aiki da su idan zai gina gada ko ya ƙera inji, a auna jikin mai rai da su. Fagen yana da faɗi ƙwarai, domin har gudanar jini da shigar iska cikin huhu suna cikinsa, amma ni a kan gaɓoɓi zan tsaya. Abin da nake fatan in tabbatar muku kafin mu tashi shi ne, nauyin da yake sauka a cikin gaɓa ya ninka wanda ido yake gani sau da yawa, kuma tazarar nauyin daga gaɓar ce take ƙayyade yawan wannan ninki. Wanda ya gane haka zai gane dalilin da ya sa ɗan ƙaramin kaya yake kwantar da ƙaton mutum da ciwon baya, zai kuma gane abin da ya sa ake ce wa mai ciwon kwatangwalo ya mayar da sandarsa ɗaya hannun.

Baligin mutum yana da ƙasusuwa 206. Jariri ya fi shi yawansu, domin wasu a rarrabe suke zuwa, sai a hankali su haɗe yayin da yaro yake girma. Duk inda ƙashi biyu suka haɗu, nan ce gaɓa, sai dai ba kowace gaɓa aka yi domin motsi ba. Ƙasusuwan ƙoƙon kai a ɗinke suke da juna, aikinsu kare ƙwaƙwalwa, kuma maɗigar jariri da muke gani tana bugawa ita ce wurin da ɗinkin bai gama haɗuwa ba. Na gadon baya suna da ɗan motsi kaɗan, da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Waɗanda suka fi shafar mu yau su ne masu cikakken motsi, irin su kafaɗa da gwiwar hannu da kwatangwalo da gwiwa da idon sawu.

Da za a buɗe ɗaya daga cikin waɗannan a duba, tsarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da farin guringuntsi mai sulɓi, wanda kaurinsa a yawancin manyan gaɓoɓi milimita 2 zuwa 4 ne. Gaɓar gaba ɗayanta tana cikin wata jaka mai ƙarfi, a cikin jakar kuma akwai tantani da yake fitar da wani ruwa mai yauƙi, wanda yawansa a lafiyayyar gwiwa bai wuce 'yan mililita ba. Daga waje kuma akwai jijiyoyi iri biyu da ya kamata mu bambanta tun yanzu. Jijiyar ɗauri tana ɗaure ƙashi da ƙashi, ta hana gaɓa wuce iyakarta, kuma ita ce take miƙewa ko ta yage idan mutum ya yi targaɗe. Jijiyar tsoka kuwa tana haɗa tsoka da ƙashi, ta isar masa da jan da tsokar ta yi. Agara da ke bayan diddige ita ce mafi kauri da ƙarfi a cikinsu.

Siffar bakin ƙasusuwan ita take faɗin irin motsin da gaɓa za ta yi. Gaɓoɓin tsakiyar yatsu lanƙwasa da miƙewa kawai suka sani. Wuyan hannu yana zuwa gaba da baya, yana kuma zuwa gefe da gefe. Kafaɗa da kwatangwalo, inda dunƙulallen kan ƙashi yake zaune a cikin kwarmi, suna yin duka waɗannan, sannan suna murɗawa. Ina roƙon kowa ya manna gwiwar hannunsa a jikin haƙarƙarinsa, ya lanƙwasa hannun, ya juya tafinsa sama, sannan ya kifa shi. Mutane da yawa suna ɗauka wuyan hannu ne yake wannan juyi. To ku kama tsakiyar hannun da ɗaya hannun, ku sake juyawa, za ku ji motsin a ƙarƙashin yatsunku. Ƙashi biyu ne a tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma na ɓangaren babban yatsa shi ne yake mirginawa ya haye kan ɗan'uwansa, ya tafi da tafin hannun gaba ɗaya.

Gaɓa dai ba ta motsa kanta, tsoka ce take motsa ta, tsoka kuwa ja kawai ta iya, ba ta turi. Shi ya sa kowace gaɓa take da tsokoki masu kishiyantar juna, ta gaban damtse ta lanƙwasa hannu, ta bayansa ta miƙe shi. Idan kana ɗaga kaya, tsokar tana ja tana gajarcewa. Idan ka riƙe shi cak, tana ja ba tare da tsawonta ya canza ba. Idan kuma kana sauke shi a hankali, tana ja ne alhali tana ƙara tsawo, wato tana taka wa kayan birki. Wannan na ƙarshen shi ne aikin tsokar gaban cinya a duk matakalar da ka sauka, kuma shi ya fi barin tsamin jiki bayan kwana ɗaya ko biyu.

Yanzu sai gundarin maganar. Ƙashi juyawa yake yi a kan gaɓa, kuma idan ana son a san ƙarfin da yake juya abu, sai a ɗauki ƙarfin da aka sa a ninka shi da tazarar da ke tsakanin inda aka sa shi da inda abin yake juyawa. Kowa ya san wannan a jikin ƙofa. Idan ka tura ta daga wajen mariƙi, da yatsa ɗaya za ka buɗe ta, amma idan ka tura ta daga dab da inda aka kafe ta, sai ka haɗa da kafaɗa, alhali ƙofar ba ta ƙara nauyi ba, tazarar ce ta ragu. Wannan ita ce ƙa'idar liba, wato sandar da ake tokarawa a ɗaga abu mai nauyi da ita, ƙa'idar da Arkimidis, masanin lissafi Bagirke, ya tsara lissafinta a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Wanda ya ɗora ta sosai a kan jikin dabba da na mutum shi ne Giovanni Alfonso Borelli, masanin lissafi ɗan Italiya, wanda littafinsa a kan motsin dabbobi ya fito a 1680 da 1681, bayan rasuwarsa a 1679. Abin da hankali zai fara zato shi ne an tsara jiki domin ƙaramin ƙarfi ya ɗaga babban nauyi. Borelli ya auna, ya lissafa, ya nuna akasin haka: tsokoki suna kama ƙashi ne dab da gaɓa, daga wajen da ƙofa ta fi wuyar turawa, saboda haka dole su yi ja mai yawa kafin su ɗaga abu kaɗan.

Mu lissafa tare. A ce ka riƙe kaya mai nauyin kilo 5 a tafin hannu, gwiwar hannunka a lanƙwashe, hannun a kwance daidai. Daga gaɓar zuwa tsakiyar tafin, mu ce santimita 32 ne. Jijiyar tsokar gaban damtse kuwa tana kama ƙashi ne kimanin santimita 4 kacal daga gaɓar. Idan kuka danna yatsa a cikin lanƙwasar hannunku, kuka yi kamar za ku ɗaga abu, za ku ji ta ta ɗaure tamau. Tazarar kayan ta ninka ta tsokar sau 8, don haka kafin hannun ya tsaya cak sai tsokar ta yi jan da ya kai nauyin kilo 40. Na sauƙaƙa lissafin, domin ban sa nauyin hannun kansa ba, kuma akwai wasu tsokoki biyu da suke taya ta, amma ƙa'idar ba ta canzawa. To, tsoka tana jan kilo 40 zuwa sama, kaya yana jan kilo 5 kawai zuwa ƙasa, ina ragowar 35 ɗin ya tafi? Ya tafi cikin gaɓar, inda ƙasusuwan suke danne juna. Mutumin yana ganin ɗan kaya ya riƙe, amma guringuntsin gwiwar hannunsa yana ɗauke da ninkin kayan sau 7.

Wani zai ce ashe tsarin na asara ne. Amma abin da aka rasa a ƙarfi an same shi a sauri da nisan zango. A wannan lissafi namu, idan tsokar ta gajarce da santimita 1, tafin hannu zai yi tafiyar santimita 8 a daidai wannan lokacin. Tsoka tana da iyaka wajen gajarcewa da wajen sauri, to da a can kusa da wuyan hannu take kamawa, da mun yi ƙarfin ɗaga kaya amma ba za mu iya jifa ba, ba kuma za mu iya kai hannu da hanzari mu tare faɗuwa ba. Inda jiki ya buƙaci ƙarin tazara kuwa, an tanadar masa. Ƙoƙon gwiwa ƙashi ne da yake zaune a cikin jijiyar tsokar cinya, yana ɗage jijiyar daga jikin gaɓar domin jan tsokar ya fi tasiri wajen miƙe ƙafa, kuma waɗanda aka cire musu shi saboda mummunar karaya suna iya tafiya, amma ƙarfin miƙe gwiwarsu yana raguwa.

Inda wannan lissafi ya fi damu na shi ne ƙugu. Tsokokin da suke miƙar da baya suna kwance ne kimanin santimita 5 a bayan fayafan ƙugu. A ce mutum ya rungume kaya mai kilo 10 a jikinsa, tazarar kayan daga faifan santimita 20, tsokokin za su ja kilo 40 domin kayan kaɗai. Idan ya miƙa hannu ya ɗauko wannan kayan daga nesa, tazarar ta koma santimita 50, jan ya zama kilo 100, kuma ba mu sa nauyin kai da ƙirji da hannaye ba, waɗanda su ma idan aka sunkuya a gaba suke rataye. Duk wannan ja a kan faifai yake ƙarewa, yana matse shi. An kuma auna abin a jikin mutane: a shekarun 1960 wani likita ɗan Suwidin, Alf Nachemson, ya soka allura mai auna matsi a cikin fayafan mutane masu rai, ya ga matsin yana hawa idan an sunkuya, yana ƙara hawa idan an sunkuya da kaya a hannu. An daɗe ana gaya wa ma'aikata su lanƙwasa gwiwa maimakon su sunkuya, shawarar kuma tana da amfaninta, amma a ganina ta danne wadda ta fi ta muhimmanci. Mutum zai iya durƙusawa yadda aka koya masa, amma muddin kayan yana can gaba da gwiwoyinsa, bayansa bai tsira ba. A jawo kaya jiki tukuna sannan a ɗaga, idan kuma za a juya, a juya da ƙafafu, kada a murɗa ƙugu da nauyi a hannu.

Mu sauka zuwa kwatangwalo. A cikin tafiya, kowace ƙafa tana yin kimanin kashi 60 cikin 100 na lokacin a ƙasa, kashi 40 a sama, abin da yake nufin mafi yawan lokacin tafiya a kan ƙafa ɗaya mutum yake. A wannan lokaci cibiyar nauyin jiki tana tsakiya, gaɓar da take ɗauke da shi kuma tana gefe, don haka jiki yana neman rinjaya zuwa ɓangaren ƙafar da aka ɗaga. Tsokokin gefen kwatangwalo na ƙafar da take ƙasa su ne suke hana shi. Idan kun miƙe tsaye, ku ɗora tafin hannu a gefen kwatangwalo na dama, ƙasa kaɗan da inda ɗamara take zama, ku ɗaga ƙafar hagu, za ku ji tsokar ta yi tauri nan take. Tazararta daga gaɓar kimanin rabin tazarar nauyin jiki ce, saboda haka sai ta ja kusan ninki biyu na nauyin da take riƙe, sannan jan nata da nauyin jikin su taru a kan ƙashin cinya. Georg Bergmann da abokan aikinsa a birnin Balin na Jamus sun yi awo da kwatangwalon ƙarfe mai na'ura a ciki, wanda aka dasa wa marasa lafiya, suka samu cewa a tafiya ta yau da kullum nauyin da yake sauka a gaɓar ya kusa ninki biyu da rabi na nauyin jiki, a hawan bene ya ɗan ɗara haka, a tuntuɓe kuwa sun taɓa auna fiye da ninki 8. Mai nauyin kilo 70 ke nan, a kowane taku yana sauke wa kwatangwalonsa kimanin kilo 170.

Daga nan amsar sanda ta fito. Idan kwatangwalon dama ne yake ciwo, a hannun hagu ake riƙe sanda, a taka ta tare da ƙafar dama. Hannun hagu yana da nisa sosai daga gaɓar dama, don haka ɗan dannawa a kan sandar ya isa ya hana jiki rinjaya, tsokar gefen ta samu sassauci, matsin cikin gaɓar ya sauka. Mutane da yawa, idan ba a faɗa musu ba, a ɓangaren ciwon suke riƙe ta, kuma abin yana ba ni takaici, domin gyara ne da ba ya buƙatar magani ko kuɗi, bayani kawai yake buƙata. Jaka mai nauyi kuwa a ɓangaren ciwon ya kamata a riƙe ta, saboda ta zama kusa da gaɓar da take wahala. Ninkin nan yana aiki a kan ƙiba ma. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan masu ciwon gwiwa, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna cewa duk kilo 1 da mutum ya rage, gwiwarsa tana samun sauƙin kimanin kilo 4 a kowane taku.

To idan nauyin ya kai haka, yaya aka yi guringuntsi mai kaurin milimita 3 yake shekara 70 ko 80 yana aiki? Kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na guringuntsi ruwa ne, wanda yake tsare a cikin saƙar zaruruwa masu ƙarfi. Idan nauyi ya sauka, ruwan ne yake fara karɓar matsin, domin ba ya samun hanyar fita da sauri, sai ya riƙa tsattsafowa a hankali yana jiƙa fuskar gaɓar, idan an ɗauke nauyin kuma ya koma ciki. Da wannan da ruwan yauƙin da na ambata, sulɓin lafiyayyar gaɓa ya fi na ƙanƙara biyu da ake goga su da juna. Sai dai guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, ba shi kuma da jijiyar jin zafi. Tunda jini ba ya zuwa masa, daga ruwan gaɓa yake samun abin da yake rayuwa da shi, kuma matsawa da sakin da motsi yake yi su ne suke shigar masa da shi, su fitar da abin da ya gama amfani. Gaɓar da aka ɗaure aka bari makonni ba motsi, guringuntsinta yana yin laushi yana sirancewa, jakarta ta takure, tsokokinta su zube. Rashin jinin ne ya sa idan ya yage ba ya warkewa da kyau, rashin jin zafin kuma ya sa lalacewarsa takan yi nisa kafin mai shi ya sani.

Saboda haka ban yarda da maganar da ake yawan yi ba, cewa gaɓa da yawan amfani take ƙarewa, wai mai ciwon gwiwa ya zauna ya adana abin da ya rage masa. Zama yana raunana tsokar cinya, idan tsoka ta yi rauni kuma gwiwa ce take karɓar bugun kowane taku ba mai tare mata. Abin da yake ɓata gaɓa shi ne nauyin da ya wuce kima, ko wanda ya taru a ɗan wuri ɗaya saboda ƙafa ta karkace ko an taɓa jin rauni, tare da shekaru da gado. Motsa jiki daidai gwargwado yana cikin shawarwarin farko da ake ba mai amosanin gaɓɓai. Ƙashi ma da nauyi yake rayuwa. A 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, kuma 'yan sama jannati da suke yin watanni a sararin samaniya suna rasa kimanin kashi 1 cikin 100, ko ɗan fiye, na ma'adinin ƙasusuwan da suke ɗaukar nauyi a kowane wata.

Kafaɗa zan taɓa ta ne a gurguje. Kwarmin kwatangwalo yana da zurfi, ya rungume kan ƙashin cinya sosai, shi ya sa sai babban haɗari yake gotar da shi. Na kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin damtse ba, abin da ya ba ta motsin da babu gaɓar da ta kai ta, ya kuma mayar da ita babbar gaɓar da ta fi yawan gocewa. Tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa su ne suke riƙe kan ƙashin a tsakiyar kwarmin. Idan ka ɗaga hannu daga gefe har ya miƙe sama, digiri 180 ke nan, kimanin 120 ne suke fitowa daga gaɓar, sauran 60 allon kafaɗa ne yake juyawa a kan haƙarƙari, shi ya sa mai duba ciwon kafaɗa da ya san aikinsa yakan zagaya ta baya ya kalli allon.

Gwiwa a ido kamar lanƙwasa da miƙewa kawai take yi, amma ƙarshen ƙashin cinya yana mirginawa yana kuma zamewa a kan ƙashin ƙwauri a lokaci guda, domin da mirginawa kaɗai yake yi, da ya faɗo ta baya kafin a gama durƙusawa. Jijiyoyin ɗauri biyu da suka gitta juna a tsakiyar gaɓar su ne suke daidaita wannan. Akwai kuma guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata a tsakanin ƙasusuwan, suna baza nauyi a kan fili mai faɗi. A da likitoci suna cire su gaba ɗaya idan sun yage, sai aka ga gwiwoyin da aka yi wa haka suna saurin kamuwa da amosani, tunda nauyin bai ragu ba amma filin da yake sauka ya ƙanƙance; yanzu ana ƙoƙarin a ɗinke su ko a yanke iya abin da ya lalace. Ita kuwa jijiyar gaba daga cikin masu gittawar nan, yawanci takan tsinke ne ba tare da kowa ya taɓa ɗan wasa ba. Zai diro ko ya tsaya ba zato, ƙafa a kafe a ƙasa, gwiwa kusan a miƙe ta faɗa ciki, jiki ya murɗa. Da aka gane haka sai ake koya wa 'yan wasa su diro da gwiwa a lanƙwashe, tana kallon inda yatsun ƙafa suke kallo, domin lanƙwasawa tana tsawaita lokacin tsayawa, tsawon lokacin kuma yana rage ƙarfin bugun, kuma an ga irin wannan horo yana rage yawan raunin.

Wahalar wannan tsari ta fi bayyana lokacin da aka zo kwaikwayonsa. John Charnley, likitan ƙashi a asibitin Wrightington da ke Ingila, ya so ya maye gurbin kwatangwalon da ya lalace, ya kuma gane tun da wuri cewa gogayya ce babbar matsalar. A ƙarshen shekarun 1950 ya yi kwarmin da robar Teflon saboda sulɓinta. Da farko marasa lafiya sun ji daɗi, amma cikin 'yan shekaru robar ta cinye, garin da ta zubar ya tayar da kumburi a cikin nama, dole aka sake yi wa da yawa daga cikinsu aiki. A 1962 ya koma wata roba mai juriya da ake kira polietilin, ya haɗa ta da ƙaramin kan ƙarfe mai faɗin kimanin milimita 22, kuma ya zaɓi ƙaramin kai ne domin ya rage tazarar da gogayya take samu ta murɗa kwarmin ta kwance shi daga ƙashi. Wannan tsari shi ne tushen aikin dashen kwatangwalo da ake yi a duniya yau, kuma mafi yawan irin waɗannan gaɓoɓi suna wuce shekara 15, fiye da rabi suna kai 25. Amma ƙarfe da roba ba sa gyara kansu, abin da ya goge ya tafi ke nan, shi ya sa likita yakan yi dogon nazari kafin ya dasa wa matashi, domin mai yiwuwa ne wata rana sai an sake buɗe shi an canza.

A nan zan dakata, shugaban taro. Idan akwai tambayoyi, ina saurare.